Magini a Birnin Kufai

"Sake faɗa, kunnena ya cika da ƙasa," in ji tsohon da ke zaune a gindin kududdufi. "Me ka ce zai mutu?"

"Garinmu, ranka ya daɗe," in ji Arzika. "Birnin Dargaza. Jibi war haka, in ba wani ikon Allah ba, sai dai a nuna wurin da yake a da."

Tsohon ya ƙura masa ido. Ba mutum ba ne, Arzika ya gane haka tun kallon farko. Jikinsa busasshiyar laka ce mai tsage-tsage, gemunsa saiwoyin ciyawa, idanunsa kuwa wasu 'yan ɗigon ruwa ne guda biyu masu ƙyalli, su kaɗai ne ruwan da ya rage a duk faɗin kududdufin. A kan wani tulin tubali yake zaune, tubalan kuwa Arzika ya san su. Al'adar gidansu ce, gidan Sarkin Magina, duk shekara kafin a haƙi ƙasar gini sai an yi wa kududdufi sallama, a kuma bar tubalin farko a bakinsa ba a gina shi. Kakanninsa sun yi, ubansa ya yi, shi ma ya yi, babu wanda ya taɓa tambayar wa ake bar wa. Yau da rana tsaka ya sauko ramin yana tono da farce ko ya dace da danshi, ya yi sallama don sabo, sai kawai ya ji an amsa.

Ya kwashe labari ya faɗa wa tsohon. Kwana arba'in ke nan rundunar wani mayaƙi mai suna Zarto ta kewaye Dargaza. Sun datse rafin da ke shigowa gari, rijiyoyi suka ƙafe sai guda ɗaya, wadda ake rabon ruwanta da ludayi. Kwana takwas da suka wuce suka kawo kututturen giginya suka yi ta dukan ganuwa ta wajen Ƙofar Gabas har ta rufta, giɓin da mahaya goma za su shiga a jere. A cikin giɓin nan wan Arzika, Jatau, ya tsaya da mashi har ya faɗi. An toshe wurin da ƙaya da ƙyamare da turame, amma kowa ya san wannan ba gini ba ne. Zarto ya aiko cewa jibi bayan azahar zai shigo ya sha furarsa a fada. Ƙasa akwai, ciyawar kwaɓi akwai, hannuwa akwai, ruwan kwaɓawa ne babu. Ga kuma matar Arzika, Yalwa, da ciki wata tara, haihuwa yau ko gobe.

"Kai ne jikan Bawa," in ji tsohon. "Ya fi ka iya tubali, ka fi shi iya sallama. Ruwa dai ba ni da shi sai waɗannan idanun, in na ba ka su na makance a banza, ba su jiƙa ko tubali ɗaya. Amma akwai Uwar Kufai. Duk garin da aka tashi aka bari, wurinta yake komawa, da gidajensa da rijiyoyinsa. Ka je ka gaishe ta."

Ya sa ɗan yatsa a wani tsagi na ƙasa, tsagin ya wage ya zama ƙofa.

Arzika ya roƙi a ba shi ɗan lokaci ya je ya sallami Yalwa. Tsohon ya ce ƙofar nan sau ɗaya take buɗewa. Zuciyar Arzika ta yi masa nauyi, domin da safen nan da faɗa suka rabu. Ta miƙa masa ludayin ruwanta ta ce ita ta riga ta sha, shi kuwa ya dubi leɓɓanta da suka tsattsage ya ce ƙarya take yi, ta ce shi ne babban maƙaryaci tun da jiya ma haka ya yi mata. Ya fita ya bar ruwan a tsakaninsu, ba wanda ya taɓa. Yanzu ga shi zai shiga cikin ƙasa ba tare da ya ce mata ta yi haƙuri ba. Ya share idonsa, ya yi bismilla, ya sa ƙafa.

Ya dubi abin da ke gabansa. Dargaza ce, amma a kife, kuma ta iska. Duk ɗakin da aka taɓa ginawa a sama, ga gurbinsa nan a ƙasa, rami mai siffarsa daidai: gurbin masallaci, gurbin fada da soraye, gurbin rumbuna kamar ƙwai a jere, gurbin ganuwa kamar wani ƙaton zobe na inuwa da ya kewaye su duka. Ya ratsa ta gurbin ɗakin da ya gina wa Yalwa kafin a kawo ta, ya shafa gefensa, ya wuce. Babu rana a can, babu wata. Wani haske ne ja-ja irin na la'asar sakaliya, tsaye cak, ba ya gaba ba ya baya.

Bayan gurbin ganuwa sai ga kogi, faɗinsa ido ba ya kai wa ƙarshe. Ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, toka ce, mai ɗumi, tana tafiya ba ko ƙara. A bakin gaɓa wani zalɓe yana tsaye mai fuskar mutum, tsawonsa ya kai giginya biyu, da wata ƙatuwar ƙwarya ɗaure a ƙafarsa.

"Ya kai ɗan Adam mai warin hayaƙi," in ji zalɓen, "wannan tokar garuruwan da aka ƙone ce tun farkon duniya. Shiga ƙwarya in haye da kai. Sharaɗina ɗaya ne: ka ambato mini unguwannin garinka kaf kafin mu kai gaɓa. Wadda ka manta, ita za ta ja ka ƙasa."

Arzika ya ji daɗi a ransa, don babu lungun Dargaza da bai yi yaɓe a cikinsa ba. Ya shiga ƙwarya, zalɓe ya fara taku, shi kuma ya fara kira: Magina, Marina, Majema, Maƙera, Masaƙa, Mahauta, Ƙofar Fada, Limanci, Zango, Unguwar Makafi, Bakin Kasuwa. Ya gama, ya naɗe hannu.

Ƙwarya ta fara nutsewa.

Ya sake kira daga farko, a hankali, bai ga wadda ya tsallake ba. Toka ta kwararo ta rufe masa idon sawu, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu. Tana da murya, ashe. Raɗa take yi da harsuna barkatai, mata suna kiran 'ya'yansu, tsofaffi suna tambayar ina hanya. Zalɓe bai ko waiwayo ba. Da tokar ta kai masa ƙirji, a cikin raɗar nan ya ji wata irin magana ta mutanen ƙauye, masu jan ƙarshen kalma, sai abin ya faɗo masa. Mutanen Tungar Kanya da na Gidan Marke, waɗanda Zarto ya ƙone wa ƙauyuka suka gudo birni kafin a rufe ƙofofi. Sun kafa bukkokin zana a jikin ganuwa ta yamma, ba wanda ke kiran wurin unguwa. Mutanen gari suna ƙorafin ludayin da ake ba su, shi kansa Arzika ya taɓa cewa ruwan ba ya isar 'yan gida balle baƙi. Amma ranar da ganuwa ta rufta, matansu ne suka yi ta ɗauko ƙaya a ka ba gammo, jini yana bin fuskokinsu.

"Da 'yan bukkoki," ya ce cike da kunya.

"Wannan ba unguwa ba ce," in ji zalɓe. "Ba a can aka haife su ba."

"A can suka zubar da jini, ranka ya daɗe. A sa su."

Ƙwarya ta taso sama kamar an hura ta, toka ta zube daga jikinsa, sai ga gaɓa.

Daga nan hanya ta shige wani daji wanda babu ganye ko ɗaya a cikinsa. Itatuwan duk na baƙin ƙarfe ne, rassansu masu da kibau, in iska ta kaɗa sai su yi ta ƙara kamar ana wasa wuƙaƙe dubu. Sai da ya matsa kusa ya ga kowace bishiya da fuska a jikinta, fuskar namiji, ido a buɗe. A tsakiyar dajin wani takobi yana rataye a iska ba igiya, yana sheƙi kamar walƙiya ta daskare.

"Maraba da ƙanen Jatau," in ji takobin. Muryarsa tana da zaƙi ƙwarai. "Na ga yadda wanka ya faɗi. Mashi uku a ƙirji, kuma suka taka shi da doki. Me za ka yi da ruwa, kai kuwa? Riƙe ni. Kafin inuwa ta karkata babu mai numfashi a sansanin Zarto."

Arzika bai san lokacin da hannunsa ya kai ga ƙotar ba. Yana kamawa ya ji wani ƙarfi ya hau shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ya ga kansa yana fita ta giɓin nan shi kaɗai, ya ga mahaya suna zubewa kamar karan dawa, ya ga Zarto a durƙushe yana kuka. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba tun da aka haife shi, kuma da za a tambaye shi a lokacin, da ya ce ya ga abin da ya zo nema.

Abin da ya cece shi ɗabi'ar masu sana'a ce. Magini in ya ɗauki kayan aiki, yakan duba inda zai ajiye shi in an tashi. Arzika ya duba hagu, ya duba dama, bai ga kube ba. Ya tambayi takobin ina ake mai da shi in an gama.

"Ba a gamawa," in ji takobin. "Bayan Zarto akwai garin Zarto, da matan da suka daka masa guzuri, da 'ya'yan da za su girma su nemi fansa. Bayan su akwai maƙwabtansu. Ni zan riƙa nuna maka."

Sai bishiyar da ke kusa ta yi magana, muryarta kamar tsatsa. Ta ce ita ma jarumi ce a da, ta zo nan don ta ceci garinta, ta ɗauki irin wannan takobi ta ceci garin a yini ɗaya, sannan ta ƙone garuruwa arba'in. Da ta waiwayo gida bayan shekara talatin, sai ta tarar duk samarin sun ƙare a bayanta, ba mai noma, garin ya tashi. Ta ce ya dubi gefensa. Ya duba, sai ga wani rami sabon haƙa, daidai gindin bishiya guda.

"Na Zarto ne," in ji bishiyar. "Shekara ashirin da suka wuce ya tsaya inda kake tsaye, yana kuka, an ƙone ƙauyensu."

Arzika ya yi ƙoƙarin sakin takobin, hannu ya ƙi buɗewa. Ya sa ƙafa ya dafe wata bishiya, ya kira sunan Allah, ya fizge da iyakar ƙarfinsa. Hannun ya fita, amma fatar tafinsa ta tsaya a jikin ƙotar. Ya yage bakin rigarsa ya ɗaure, ya ruga da gudu, takobin yana kiransa a baya da muryar Jatau har ya fita daga dajin.

Yana fita ya tsaya cik, ya manta da zafin hannu.

Wani fili ne shimfiɗe har iyakar gani, an jera garuruwa a kansa kamar akusa a kan tabarma. Dubu ne, ko dubu goma, Allah kaɗai ya sani. Akwai masu ganuwar jan ƙasa, akwai na dutse, akwai waɗanda aka gina a kan ruwa, akwai masu gine-ginen da bai taɓa jin labarin irinsu ba, dogaye har suna shiga gajimare. Ya bi ta tsakaninsu yana kallo da idon magini. Ba tsagi ko ɗaya a jikin bango, ba inda ruwan sama ya zaizaye, ba inda akuya ta goga jiki. Kasuwanni cike da kaya, tukwane a kan murhu, turame da taɓarensu a jingine. Amma babu hayaƙi, babu kukan jariri, ko kaza ba ta ƙyarƙyara. Kyawun wurin ya sa shi hawaye, shirun wurin ya sa tsigar jikinsa ta tashi.

A tsakiyar filin ya tarar da Uwar Kufai, zaune a kan wani dokin ƙofa wanda babu ɗaki a bayansa. A zaune ma ta fi bishiyar kuka tsawo. Gashinta farar yanar gizo-gizo ce ta zubo har ƙasa, zanenta na jar ƙasar gara, tsuntsaye sun yi sheƙa a kafaɗunta amma ba sa kuka. A gabanta akwai wata ƙwarya cike da ruwa, a bayanta randa mai girman rumbu.

Arzika ya tuɓe takalmi, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ta amsa da murya irin ta iska in ta shiga ɗakin da ba kowa. Ta ce ta san shi, ta san abin da ya baro, ta kuma gaya masa cewa a duniyarsu gari ya riga ya waye, saura masa yini ɗaya da rabi.

"Faɗi buƙatarka, ya kai ɗan Adam. Amma ka faɗe ta daidai."

Gajiya da tsoro da ɗoki suka haɗu suka tura maganar daga bakinsa kamar yadda kowane mutumin Dargaza zai faɗe ta. "Allah ya ja zamaninki, na zo ki ceci ƙasata."

"An yi," in ji ta, ta ɗaga hannu.

Ruwan ƙwarya ya washe, sai ga Dargaza a ciki. Ganuwa ta fara tashi sama. Gidaje suka bi ta, da masallaci, da itatuwa da saiwoyinsu, da gonakin cikin birni, da kaburbura, ƙasar gaba ɗaya tana ɗagowa kamar ana ɓare ɓawon rogo. Mutane kuwa suna zamewa ta cikinta suna saura a ƙasa, tsaye a kan tsurar dutse, ba bango ba inuwa, ga dawakan Zarto suna kallonsu.

"Tsaya!" Arzika ya yi ihu, ya kife a gabanta. "Don girman Allah ki tsaya, ba wannan nake nufi ba."

Ta sauke hannu, komai ya koma mazauninsa. Ta dube shi da mamaki na gaske. Ta ce ƙasa ya ce, ga ƙasa kuwa za ta ajiye masa ita a wuri mai kyau, kusa da wancan birni na dutse, ba mai ƙona ta har abada. Ya ce mutanen yake nufi. Ta ce to ai da ya ce mutane. Ta sake nuna masa ƙwarya, ya ga ƙasashe masu koguna da korayen gonaki, inda ba a taɓa jin sunan Zarto ba. Ta ce za ta kwashe mutanen Dargaza duka ta kai su can, ba wanda zai ko yi tuntuɓe. Sai dai ba ta iya ɗaukar su a dunƙule, domin abin da ya ɗaure su da juna a cikin ƙasar yake. Ɗaya-ɗaya za ta watsa su kamar iri, wannan gabas, wancan yamma, uwa a wani kogi, ɗa a wani.

Ya daɗe yana kallon korayen gonakin nan. Yalwa za ta rayu, ta sha ruwa har ta ƙoshi. Amma ya tuna tun makon farko Zarto ya buɗe hanyar yamma ya ce mai son tafiya ya tafi, aka taru a ƙofar fada maza da mata, aka yi ta gardama har la'asar, aka tashi a kan za a zauna. Shi wane ne da zai warware abin da gari ya ƙulla, a bayan idonsu? Ya girgiza kai.

"Ba ka son ƙasa, ba ka son mutane," in ji Uwar Kufai. "Shekaru ba iyaka ina tara garuruwa, kowa ya zo nan da kalmar nan a bakinsa, ƙasata, ƙasata, ba wanda ya taɓa nuna mini ita. Mece ce?"

"Ban iya faɗa ba, ranki ya daɗe," in ji Arzika. "Ni magini ne. Abin da na sani, busasshiyar ƙasa ƙura ce, iska ma tana kwashe ta. Sai an zuba ruwa, mutane sun tuɓe takalmi sun shiga sun tattaka, wannan yana zagin wancan ya taka masa ƙafa, sannan take kama jikinta. Kuma baɗi sai an sake. Waɗannan naki sun fi namu kyau, amma ni ban ga abin da zan kare a cikinsu ba." Ya ɗaga ido ya dube ta. "Ruwa nake roƙo. Ruwan kwaɓi. Sauran aikin namu ne."

Tsuntsayen kafaɗarta suka motsa. Ta ce sarakuna sun tsaya a nan sun roƙi runduna, sun roƙi annoba a kan maƙiyansu, ba a taɓa roƙon ta ruwan kwaɓa laka ba. Ta miƙa hannu baya ta ɗebo daga randar, inda ruwan dukan rijiyoyin da aka bari yake taruwa, ta cika wani ɗan tulu. Ta ce tulun nan ba zai ƙafe ba sai giɓin ya rufe, kuma ƙasar da aka kwaɓa da shi rana ɗaya ta ishe ta ta bushe ta yi ƙarfin dutse. Ta ce kada ya ruɗi kansa, ganuwa ce kawai za ta tsaya. Sai an sami mazan da za su tsaya a bayanta, kuma waɗansunsu za su mutu, wataƙila har da shi.

Ya miƙa hannu biyu. Ta janye tulun.

"Ba a fita da abu daga nan sai an bar kufai a madadinsa. Tun da ka hana ni garin, za ka bar mini gurbinka a cikinsa."

Ta ɗaga ɗaya hannun, ya yi ta tsawo har ya huda jan hasken nan na sama ya ɓace. Da ya dawo, sai ga wani ɗan ƙullin tsumma a tafinta, da ƙasa-ƙasa a jikinsa. Ba a gaya masa ba ya gane. Cibiyarsa ce, wadda ungozoma ta binne a bayan ɗakin uwarsa, a gindin zogale, shekara ashirin da tara da suka wuce. Uwarsa takan nuna masa wurin in ya yi ƙiriniya, ta ce duk yawonsa nan zai dawo.

Uwar Kufai ta yi masa bayani dalla-dalla, ba ta ɓoye komai ba. In ta rufe hannunta, Dargaza ta manta da shi. Ubansa zai ce ɗa ɗaya ya haifa, shi ne ya faɗi a Ƙofar Gabas. Uwarsa za ta ba shi ruwan baƙo. Yalwa za ta san tana da miji a da, amma ba za ta tuna fuskarsa ba, abin da za ta haifa kuma wani ne zai raɗa masa suna. Zai shiga gari baƙo da tulu a kafaɗa, mai yiwuwa ma a ce ɗan leƙen asirin Zarto ne. In gari ya tsira, wani za a yi wa kirari. In ya faɗi a bakin ganuwa, ba mai yi masa kuka. In kuwa bai yarda ba, ga hanya, ya koma hannu wofi, kowa ya san shi, ya zauna kusa da matarsa har gobe bayan azahar.

Ruwan ƙwarya ya sake washewa ba tare da an taɓa shi ba. Ga Yalwa a ɗakinta, durƙushe, ta riƙe turmi da hannu biyu, gumi yana zuba, uwarsa tana shafa mata baya. Naƙuda ta fara. Tsakanin ciwo da ciwo ta ɗago kai ta dubi ƙofa.

"Inna, Mai Laka bai dawo ba?" ta ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, da wannan take tsokanarsa tun suna zance. "In ya shigo ki ce masa na huce. Ki ce masa ni ce ban kyauta ba."

Arzika ya yi kuka kamar yaro, bai ji kunyar aljana ba. Ya yi kuka har tsumman hannunsa ya jiƙe. Uwar Kufai ta jira shi, ita ba ta gaggawa.

Da ya gama, ya tambaye ta ko hannunsa zai tuna aikinsa. Ta ce hannu nasa ne. Ya tambaya ko shi zai tuna su. Ta ce duka, har ƙamshin ɗakin uwarsa, kuma wannan shi ne nauyin abin. Ya ɗago da jajayen idanu.

"In Allah ya sa mun tsira, an hana baƙo ya nemi auren bazawara?"

Wani abu mai kama da murmushi ya ratsa tsohuwar fuskar nan. "Wannan ba hurumina ba ne, ya kai ɗan Adam."

Ya sake duban ƙwarya sau ɗaya. Ya dubi Yalwa, ya dubi uwarsa, ya dubi bangon ɗakin da ɗan tsagin da ya yi ta cewa zai yaɓe bayan damina. Ya miƙe tsaye, ya ƙara ɗaure hannunsa da haƙori, ya gyara wuyan riga.

"Rufe hannunki, ranki ya daɗe," ya ce, muryarsa ta fita har ta amsa a cikin garuruwan nan marasa kowa. "Ba sai sun san ni ba, ni na san su. Ba ni tulun, a nuna mini hanyar Ƙofar Gabas. Zan koma in yi gini."